Ja Ne, Amma Ba Jini Ba

Litinin, bayan La'asar

Mun dawo daga asibiti. Tarin fuka ne ke damun Baba.

Ni na raka shi, domin Baffa Tanko, yayan Baba, ya tafi Wara sayen zaren koma, kuma ni kaɗai ce na yi makaranta a gidan. Ban taɓa tafiya da Baba mu biyu ba sai yau. Shi a gaba, ni a baya, har muka je muka dawo ba wanda ya ce uffan. Ba faɗa muka yi ba. Ni ce 'yar fari. Tun daga yaye aka kai ni Wara wurin Gwaggo, sai bara da ta rasu na dawo Yelwa. A gidanmu iyaye ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa zaman hira da shi. Idan Inna tana son abu a wurina sai ta ce wa ƙanwata Mufida, mai shekara huɗu, "Ce ma waccan ta ɗauko tsintsiya," ko da ina tsaye a gabanta.

Malam Zulkiflu, ma'aikacin da ke ba da maganin, ya lura kunnen Baba ya yi nauyi saboda ƙarar injin jirgin ruwa, sai ya juyo gare ni. Ya ce ƙwaya huɗu kullum da safe kafin a ci komai. Ya ce wata shida, ba fashi, ko da an ji sauƙi. Ya ce a kawo ƙananan yaran gidan a duba su. Sannan ya faɗi abu na huɗu. Na ji shi sarai. Ina kallon takalmina.

Baba ya ce, "Mi yac ce?" Bango yake kallo, ba ni ba.

Na faɗi uku.

Laraba, da safe

Zan rubuta na huɗun a nan tunda ba mai karantawa. Ya ce maganin zai mayar da fitsarin Baba ja, har gumi da hawaye, kuma ba jini ba ne, kada a tsorata. Ko rubuta shi da na yi yanzu sai da na ji kunya. Ta yaya zan dubi Baba in yi masa maganar bawalinsa?

Wataƙila ba zai lura ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ya lura.

Ina wanke-wanke a bayan zana na ji Baffa Tanko da Inna suna magana ƙasa-ƙasa.

Baffa ya ce, "Tsargiya na san ta. Duk wanda yat tashi bakin ruwan ga ya yi bawalin jini shina yaro. Amma dattijo, rana guda, ba ciwon mara ba komi? Wanga ba tsargiya ba ta. Maganin ga ne ya yi mishi ƙarfi, ya tsinka wata jijiya ciki."

Inna ta ce, "To Yaya, mi za mu yi?"

"A rage. Ƙwaya huɗu sai ka ce bijimi za a ba. Dubi mijinki Zaidu hwa, iska ma ɗaukar shi takai."

Inna ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Kwano yana hannuna, kumfa har gwiwar hannu. Zana ce kawai a tsakaninmu. Na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke.

Asabar

Ƙwaya biyu ya sha.

Talata, bayan an tashi makaranta

Malam Philip ya koya mana aikin ƙoda. Shi idan ya fara ba ya tsayawa inda littafi ya tsaya. Ya ce da ya samu hali da ilimin haɗa magunguna ya karanta, don haka yau sai mun ji tafiyar magani a jiki ko muna so ko ba ma so.

Ya ce zango huɗu ne. Na farko, hanji ya tsotse maganin ya shigar da shi cikin jini. Shi ya sa wani magani ake shan sa da cikin wofi, don kada abinci ya tare masa hanya. Na biyu, jini ya rarraba shi ko'ina. Magani bai san inda ciwo yake ba, ko'ina yake zuwa, har ido, har fata. Na uku, hanta ta sarrafa shi, ta karya ƙarfinsa. Na huɗu, ƙoda ta tace shi ta fitar, wani kuma ya bi ta hanji.

Ya kawo bokiti mai ƙaramar huda a gindi, ya zuba ruwa, ya zuba zoɓo. Ruwan da ke ɗiga daga hudar ja ne. Ya ce, "Wa zai ce mini bokitin nan ya ji rauni?" Aji ya fashe da dariya.

Ni ban yi dariya ba.

Laraba, da yamma

Na gwada. Na kira Mufida bayan ɗaki na ce, "Je ki ce wa Inna, a asibiti an ce maganin yana rina abu." Ta ruga tana ihu, "Inna, Inna, Yaya ta ce magani na rini!" Inna tana juya kifi a kan banda, hayaƙi a idonta. Ta ce, "Ce mata tukunyarta na ƙonewa."

Gaskiya ne, tana ƙonewa.

Na gaya wa kaina ai na faɗa.

Juma'a, da hantsi

Na wanke farar rigar Baba. Wuyan rigar ya yi launin manja. Na san gumi ne, zango na biyu da Malam ya faɗa. Baffa ya gan ta a kan igiya kafin ta bushe, ya ɗaga ta ga rana ya ce, "La'ilaha illallahu. Har ta fata jinin ka hita." Na so in ce ba jini ba ne. Ya juyo ya ce, "Ke 'yar boko, sa sabulu da kyau," ya wuce.

Amma yana murna da abu ɗaya. Ya ce wa Inna tunda aka rage, jan ya ragu. "Kin gani? Ba ni ce ba?"

Dole ya ragu. An rage zoɓon.

Litinin, bayan Azahar

Na je karɓo wani maganin. Malam Zulkiflu ya ce, "Zulai'atu ko? Yana sha?"

Na ce, "Yana sha."

"Launin bai tsorata su ba?"

Na ce, "A'a."

"Ƙanwar taki fa?"

Na ce za a kawo ta. Na riga na aika wa Inna wannan saƙon ta bakin Mufida tun makon farko, amma da abin ya faru Baffa ya ce maganin asibiti ɗaya ya ishi gida ɗaya.

Mutane suna layi a bayana, wata mata tana tura ni da kafaɗa. Da ba kowa, wataƙila da na faɗa. Haka nake ta ce wa kaina a hanya, har na zo gida.

Alhamis

Tarin ya yi sauƙi. Yana cin tuwo har ya nemi ƙari. Alhamdulillahi.

Lahadi, bayan Magariba

Yau Baba ya shiga ruwa. Tun da sassafe shi da Baffa suka tura kwale-kwale, suka dawo da kwando cike da ƙarfasa. Gidan ya cika da murna. Mufida tana kan wuyansa tana jan hularsa, yana tari kaɗan yana dariya. Da aka zo cin abinci ya ɗauki kan kifi mafi girma ya ajiye a kwanona, yana kallon wani wuri kamar ba shi ya ajiye ba. Ban taɓa cin kan kifi mai daɗinsa ba.

An daina maganin gaba ɗaya. Inna ta zuba ragowar a gwangwanin madara ta ɗora a saman ƙofa. Baffa ya kawo sassaƙe daga wajen Shanga, wai na mayar da jinin da ya zuba. Jan ya ɗauke. Kowa ya ce Allah ya kawo sauƙi.

Wataƙila ya warke ɗin. Allah yana iya komai. Wataƙila wata shidan na masu tsananin ciwo ne.

Talata, bayan an tashi makaranta

Da kowa ya fita na tsaya ina gyara jakata har Malam Philip ya ce, "Zulai'atu, akwai magana?"

Na ce, "Malam, idan mutum ya sha rabin maganin da aka ce, rabin lafiya zai samu?"

Ya ajiye alli. Ya ce ba haka lissafin yake ba. Ya ja layi biyu a allo, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ce dole yawan magani a jini ya zauna tsakaninsu. Idan ya haura na sama ya zama guba, idan ya faɗi ƙasa da na ƙasa bai yi komai ba. Kuma tun daga lokacin da aka haɗiye shi hanta da ƙoda suke aikin fitar da shi. Kowane magani yana da lokacin da rabinsa ke ƙarewa, sai rabin rabin, har ya tafi. Shi ya sa ake ƙarawa kullum. Ya ce mafi muni a ciwon ƙwayoyin cuta shi ne, ɗan kaɗan ɗin yana kashe raunana ya bar masu taurin kai. Mutum ya ji sauƙi, su kuwa suna nan suna hayayyafa, wataran a kawo maganin su ƙi jin sa.

Ya dube ni ya ce, "Wani ne a gida?"

Na ce, "A'a, Malam. Don jarrabawa ne."

Na biyo ta bakin ruwa. Tafkin ya ja baya sosai bana, damina ba ta kankama ba, ga shi can ƙasa madatsar ruwa ba ta daina saki ba. Kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun zamanin kakanni duk sun fito, baƙaƙe. Ashe suna nan. Ruwa ne kawai ya rufe su.

Asabar

Ya yi tari da asuba.

Lahadi

Yau ma.

Laraba, da yamma

Mufida ta ƙi cin abinci. Na ba ta kifi ta tofar. Da na goya ta sai na ji ba ta da nauyin da na sani. Zanen da take kwana a kai jiƙe yake da gumi kowace safiya. Inna ta ce zafi ne. Zafin ma ana yi.

A ɗakin Baba take wuni. Ba ta yarda da kowa sai shi.

Juma'a

Na yi niyyar faɗa yau. Na tsaya a bakin ɗakin Inna, ta ɗago, muka haɗa ido, ta mayar da kanta ga tsintar shinkafa. Na ce, "Ruwa ya ƙare a randa." Na je na ɗebo.

Asabar

Tari biyu ne yanzu a gidan, babba da ƙarami.

Litinin, bayan La'asar



Ban je makaranta ba. Da hantsi aka shigo da Baba, mutum biyu suna riƙe da shi. Yana jan koma tari ya sarƙe shi, jini ya fito ta baki. Na gan shi a gaban rigarsa. Wannan ba launin manja ba ne. Na san bambancin.

Aka kwantar da shi a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Maza sun cika gidan, abokan sana'arsa da maƙwabta. Baffa Tanko yana kuka, ban taɓa ganin haka ba. Yana cewa, "Kun ga abin da maganin ga yab bari? Jijiyar da yat tsinka ce ta ɓalle. A nemo mota mu kai shi Shanga wurin mai sassaƙe. Asibiti kam ba mu komawa."

Wani ya fita neman mota.

Ban san lokacin da na ɗauko gwangwanin daga saman ƙofa ba. Na ɗebo ruwa a farin kofi. Na ratsa ta tsakiyar maza, ni da ko gaisuwa sai na durƙusa daga nesa. Na durƙusa gaban Baffa, na murƙushe ƙwaya ɗaya da gindin cokali, na zuba, na juya.

Ruwan ya yi ja.

Na ce, "Baffa, wannan ne kuka gani a bawalin Baba. Maganin ne da kansa yake fita. Ba jini ba ne. An gaya mini tun ranar farko."

Baffa ya karɓi kofin ya ɗaga shi ga rana, yadda ya ɗaga rigar.

Ya ce, "Tun ranar farko?"

Na ce, "E."

"Ke anka gaya ma?"

"E."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi. Ya ajiye kofin a hankali kamar zai fashe, ya ce wa wanda ke bakin ƙofa, "Garba, in motar ta taho, asibiti za mu."

Inna tana tsaye a bakin madafa. Ban kalle ta ba.

Ƙwaya ɗaya da ruwa a kofi. Ko baki ba sai na buɗe ba. Kullum gwangwanin yana saman ƙofar da nake wucewa.

Talata

An kwantar da shi. An tsayar da jinin.

Laraba, bayan Azahar

Na gaya wa Malam Zulkiflu komai, har ranar da na ce masa yana sha. Ya daɗe yana murza goshinsa. Ya ce, "Ni ma da na ɗaga murya na gaya masa da kaina. Na ga 'yar makaranta na ce an gama." Na ce ni 'yar fari ce. Ya ce, "Af." Shi ma ɗan nan ne.

An ɗauki majinar Baba za a gwada ko ƙwayoyin cutar suna jin maganin har yanzu. An duba Mufida, an ɗauki hoton ƙirjinta.

Alhamis

Jira.

Asabar, da hantsi

Na Baba: suna jin maganin. Na yi sujada a barandar asibiti, ban damu da masu kallo ba. Amma za a faro daga farko, wata shida cur, kamar ba a taɓa sha ba. Kuma likita ya ce wani sashe na huhun ya yi tabo, kada ya ja koma bana. Baɗi ma sai an gani.

Na Mufida: tana da shi.

Malam Zulkiflu ya ce mai yiwuwa ta ɗauka tun kafin a gano ciwon Baba, ba wanda zai iya cewa ga ranar. Ya faɗa ne don in ji sanyi. Amma na san da an kawo ta a makon farko da ba ta rame haka ba, kuma na san abin da ya hana a kawo ta.

Lahadi, bayan La'asar

Na kai wa Baba kunu asibiti. Na ajiye zan fita sai ya ce, "Zamna." Rufin ɗaki yake kallo.

Na zauna a bakin tabarma.

Ya ce, "Ran nan na ga bakin mutumen ya motsa sau huɗu. Kinka ba ni uku."

Na ɗauki kofin kunun ina juya shi.

"Na so in ce ina ɗayan. Sai na ji nauyi." Ya yi tari, ya huta. "Ni ma da ni ne, ba ni iya gaya ma ubana."

Na so in ce ya yafe mini, bakina ya ƙi. Ya miƙo hannu na ba shi kofin. Ya sha ya ce, "Tsamiya ta yi yawa." Ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi.

Da na dawo na tarar Baffa da Garba sun jawo kwale-kwalen Baba tudu sun kife shi a kan duwatsu. Baffa ya gan ni ya ce, "Likita, an dawo?" Ba da gatse ba. Ban san da me ba.

Talata, da safe

Jiya Mufida ta fara nata. Ƙwayoyin yara ne masu narkewa a ruwa. Ni nake ba ta kafin a ɗora kunu, ina ce mata zoɓon asibiti ne. Ta sha ta yamutsa fuska ta ce zoɓon ba sukari.

Ɗazu ina saka takalmi zan tafi makaranta. Inna ta kai Mufida bayan ɗaki ta yi fitsari a fo. Na ji shiru. Na san abin da take kallo a cikin fo ɗin. Ta san bayanin, tana wurin ranar kofin, amma sani daban, ganin na ɗiyarki daban.

Na jira Mufida ta rugo da saƙo. Ba ta zo ba.

Sai na ji, "Zulai."

Na ɗauka wata ce daga maƙwabta.

"Zulai'atu. Taho ki duba min. Shi ne, ko jini ne?"

Na je na duba da kyau, ban yi sauri ba. Na ce, "Shi ne, Inna. Maganin ya shiga, ya zaga, yana fita. Gobe ma haka za ki gani, har a gama."

Ta ce, "To." Ta ɗauki fo ɗin ta tafi zubarwa.

Tun da na dawo gidan nan nake son in ji yadda sunana zai fito daga bakinta. Na sha kwatanta shi a raina. Ban taɓa kwatanta shi a bayan ɗaki ba, da ƙanwata tsaye a tsakaninmu, haƙarƙarinta duk a waje.

Na makara. Malam Philip ne a bakin ƙofar makaranta, ya tambaye ni dalili. Na ce, "Wani ne a gida, Malam." Na gaya masa.